Daga Murhu Zuwa Malmala: Ta Ina Zafi Ke Bi?

 Yau madafi za mu leƙa. Iyayenmu mata ku yi mana afuwa, mun san fagenku ne, ba kuma koya muku girki muka zo yi ba, wane mu. Ku kuwa maza kada wanda ya miƙa hannu ya murɗa akwatin rediyo zuwa wata tasha, domin kuɗin icen nan da na gawayi da na gas daga aljihunku suke fita, kuma maganar yau ta taɓa aljihun.

Bari in fara da abin da ya same ni ina yaro, shekarar da na fara kai azumi. Kakata ta dama kunun tsamiya tun la'asar sakaliya, ta juye a ƙwarya ta rufe da faifai. Can gab da magariba aka dafa wa kakana shayinsa aka zuba a kofi. Ko da aka kira salla, shayin da aka sauke daga baya har ya sha iska, tsoho yana kurɓarsa hankali kwance. Sai na ce a raina, to kunun da ya riga shi sauka ai ya daɗe da hucewa. Na ɗaga faifai, na ga samansa har ya yi yana, na luma ludayi can ƙasa na kai baki na zuƙa da ƙishirwar yini guda. Kwana uku ban san ɗanɗanon gishiri ba. Kakata tana dariya tana cewa, "Ai ɗan nan kunu munafuki ne, sama sanyi ƙasa wuta." Ta san halin kunu sarai. Dalilin halin ne ban ji daga bakin kowa ba sai da na girma.

Zafi dai ba ya zama wuri ɗaya. Kullum tafiya yake yi, kuma tafiyar fuska ɗaya gare ta: daga abin da ya fi zafi zuwa wanda bai kai shi ba. Girki kuwa, idan ka tuɓe masa kayan ado, aiki ɗaya ne, wato kai zafi daga wuta zuwa tsakiyar abinci. Hanyoyin kai shi guda uku ne. Ɗalibanmu na sakandare sun haddace su a aji da sunayen kwandakshan da kwanbekshan da radiyeshan, su rubuta a jarrabawa su ci, su koma gida su ƙona hannu da cokali. Ni zan ba su sunayen da za su zauna a kai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa ya ga yadda tubali ke isa hannun magini. Wani lokaci leburori su jeru, wannan ya miƙa wa wannan, kowa na tsaye a inda yake, tubali ne kawai ke tafiya. Wannan miƙo ke nan. Wani lokaci lebura ya ɗora a ka ya taka da ƙafarsa ya kai, ya juyo ya ɗauko wani. Wannan dako. Idan kuma katanga ta yi sama, sai na ƙasa ya cilla, magini ya cafe, babu abin da ya haɗa su sai sarari. Wannan jifa. To haka zafi yake: ko a miƙa shi, ko a yi dakonsa, ko a jefa shi.

Mu ɗauki miƙo. Kowane abu, ƙarfe ne ko ice ko nama, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suka haɗu suka yi shi. Abin da muke kira zafi karkarwar ƙwayoyin nan ce. Waɗanda ke gindin tukunya wuta ta sa su karkarwa, su bangaji na kusa da su, su ma su bangaji na gaba, har motsin ya kai bakin tukunya, alhali babu ƙwayar da ta bar mazauninta. Sai dai ba kowane abu ne ya iya miƙo ba. Ƙarfe gwani ne, kuma abin nan da ya sa yake ɗaukar wutar lantarki shi ne ya sa yake ɗaukar zafi. Alminiyam, wanda ake narka gwangwanaye da tsofaffin kayan mota a zuba mana tukwane da shi, ya fi ice saurin miƙa zafi wajen sau 1,000. Shi ya sa za ki bar muciya a cikin tuwo ki dawo ki kama ta lafiya lau, amma ki manta cokalin ƙarfe a tukunyar miya na ɗan lokaci, da kin taɓa sai kin yarfe hannu. Wanda ya fara sassaƙa muciya da ice bai karanta kimiyya ba, amma da an ba shi takardar jarrabawa a kan wannan babi da ya ci.

Cikin mafi ragwanci wajen miƙo akwai iska idan tana tsaye cik. Tsumman da kike sauke tukunya da shi, ba zaren ne ke kare hannunki ba sosai, iskar da ta maƙale a tsakanin zaren ce. Ranar da tsumman ya jiƙe, ruwa ya kori iskar ya maye gurbinta, ruwa kuwa ya fi iska miƙa zafi sama da sau 20. Kafin ki kai tukunyar ƙasa zafi ya iso tafin hannu, nan ne ake sakin tukunya a kan ƙafa. Jiƙaƙƙen tsumma ba abin sauke tukunya ba ne, ko da kuwa shi ne a kusa.

Akwai tsohuwar gardama tsakanin tukunyar ƙasa da ta alminiyam. Tsofaffi sun rantse miyar tukunyar ƙasa ta fi daɗi, 'yan mata sun ce ɓata lokaci ce. Kowa da gaskiyarsa. Yumɓu malalacin miƙo ne, ga kauri, don haka tukunyar ƙasa kan daɗe ba ta ɗau zafi ba. Amma idan ta ɗauka, sai ta riƙa ba abinci a hankali ta kowane gefe, ko wuta ta tashi ko ta kwanta ita ba ruwanta, har a sauke ta tana ci gaba da ɓararraka a ƙasa. Ta alminiyam kuwa duk abin da wuta ta yi, nan take ta kai rahoto. Ruwan shayi da taliya, ba ta da na biyu. Amma siririyar nan mara nauyi da ake sayarwa da araha, daidai inda harshen wuta ya taɓa nan take tara zafi, ki juya baya kaɗan shinkafa ta kama. Ni dai a ganina, naman kai da ganda da wake, a bar wa tukunya mai kauri.

Dubi kuma mai suyar gyaɗa. Me ya sa take zuba yashi a kasko? Ƙwayar gyaɗa a mulmule take, ɗan wuri kaɗan ne ke taɓa kasko, wurin ya ƙone sauran yana ɗanye. Yashi mai zafi kuwa rungume ta yake ta ko'ina, ya zama an sami masu miƙo dubu maimakon ɗaya. Haka yaran da ke binne dankali a cikin toka mai zafi suke yi ba su sani ba.

Wani abu guda game da miƙo kafin mu wuce, wanda shi ne ke ba sababbin amare kunya. Zafi ba ya tsallake layi. Sai ya bi ta bayan abinci sannan ya isa ciki, kuma abinci malalacin miƙo ne. Wani masanin lissafi ɗan Faransa, Joseph Fourier, ya fitar da littafi a 1822 a kan yadda zafi ke ratsa abubuwa, kuma daga lissafinsa ake gane cewa idan kaurin yanka ya ninka biyu, lokacin da zafi zai ɗauka ya kai tsakiya ba ninki biyu ba ne, wajen ninki huɗu ne. Ga dalilin da mahauci ke feɗe naman tsire fale-fale, na kilishi kuma ya mayar da shi kamar takarda. Ga kuma dalilin da ƙosai ke fitowa baƙi ƙirin a waje, ciki ɗanyen ƙullu, idan mai ya yi zafi fiye da kima. An matsa wa na bakin ƙofa, na cikin ɗaki bai ma ji sallama ba.

To, mu koma kan kunun kakata, domin shi ne ƙofar hanya ta biyu.

Ɗora ruwa a wuta ka jefa ɗan ganyen shayi ko dusa ka zuba ido. Tun kafin ya tafasa za ka ga ganyen na hawa yana sauka, yana zagaye. Ruwan da ke gindi ya ɗau zafi, ya buɗe, ya rage nauyi, sai ya taso sama. Na sama mai sanyi ya fi nauyi, ya gangara ya karɓi wurinsa. Ruwan da kansa ya zama ɗan dako, yana ɗauko zafi daga gindi yana rabawa. Idan aka sauke kuma, wannan zagayen ne ke kwaso zafin ciki yana kawowa sama iska na kwashewa. Shi ya sa shayi ke saurin hucewa.

Kunu kuwa kauri ya ɗaure masa ƙafa. Ba ya iya zagayawa. Sama ya huce ya yi yana, yanar ta zama murfi, na ƙasa kuma ba shi da hanyar fita sai miƙo, ga shi malalaci. Abin dariya, irin wannan ƙunar bakin ce ta sa aka fara bincike a kan lamarin. Wani mutum haifaffen Amurka mai suna Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Count Rumford, da ya yi aiki a birnin Munik na ƙasar Jamus, ya rubuta a ƙarshen shekarun 1790 cewa ya daɗe yana mamakin yadda abinci mai kauri ke riƙe zafi, bayan shi ma ya sha ƙona baki. Ya bi diddigi har ya gano cewa ruwa da tafiyarsa yake raba zafi, da an hana shi motsi shi ke nan. Bambancinsa da ni, shi ya ƙone ya ɗauki alƙalami, ni na ƙone na ɗauki kuka.

Yanzu ku biyo ni mu tsaya kan matar da ke tuwon dare, don a nan ne za a ga abin ƙarara. Da farko ruwa ne tsagwaronsa, tana iza wuta yadda take so, ba abin da zai kama, dako na tafiya. Ta zuba rude, ruwa ya fara nauyi. Ta yi talge, sai ka ji sautin tukunya ya sauya, daga ɓararraka ya koma fal, fal, yana tsartuwa yana neman hannun mutum. 'Yan dako sun fara gajiya ke nan, tururi na taruwa a ƙasa sai ya yi ƙarfi ya fasa. Da ta zuba gari kuwa, dako ya tsaya cak. Daga nan ita ce 'yar dakon. Ta dafe tukunya, ta kama muciya hannu biyu, tana kwaso na ƙasa tana dawo da shi sama, tana danna na sama ƙasa, gumi na zuba. Tuƙin tuwo ba murje gudaji kaɗai ba ne, raba zafi ne da ƙarfin damtse. Sannan ku lura da abin da take yi da ta gama: ta zare itace biyu daga murhu, ta yayyafa ruwa, ta rufe, ta bar shi ya sulala. Ta san cewa daga nan wuta mai yawa ba ta da sauran amfani, gindi kawai za ta ci. Wanda ya manne a gindin ya bushe ya wuce zafin ruwa, shi ne ƙanzon da muke jiƙawa da safe. Ƙanzo shaidar wurin da dako ya ƙare ne, miƙo ya ci karensa babu babbaka.

A nan ne nake so maigida ya matso kusa da rediyo. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya, da zarar ya tafasa, zafinsa ya tsaya. A bakin teku digiri 100 ne a ma'aunin Salsiyos, a tudu kuma bai ma kai haka ba. A Jos, da ke sama da teku da wajen mita 1,200, ruwa na tafasa a wajen digiri 96, shi ya sa wake ke ƙara taurin kai a can. Ko ka tura wa tukunya icen kura guda ba za ta ƙara digiri ɗaya ba. Tukunyar da ke tafasa a hankali da wadda ke tsalle tana kifar da murfi, zafin ruwansu ɗaya, naman cikinsu kusan tare zai nuna. Ƙarin wutar ina ya tafi? Ya tafi wajen mayar da ruwa tururi, tururin ya bi iska. Kuma tururi ɓarawo ne mai babban buhu: zafin da ake bukata a mayar da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda ake bukata a ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau 5. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sai fa in so ake ruwan ya ƙone, kamar a tsane tumatirin miya, nan kam a buɗe a ba shi wuta. Mai son ya wuce digiri 100 da ruwa sai ya nemi tukunyar nan mai kulle murfi da ke huci, wadda ke kai zafi wajen digiri 120. Asalinta wani Bafaranshe ne, Denis Papin, ya ƙera tun 1679.

Wannan babban buhun na tururi shi ne kuma amfaninsa. Dambu da alala da shi suke nuna. Tururi ya taso ta hudojin madambaci, ya taɓa tsaki mai sanyi, ya koma ruwa, ya sauke duk kayan da ya ɗauko a wurin. Shi ya sa mai dambu ke naɗe mahaɗar tukunya da madambaci da tsumma, ko ta liƙe da ƙullu, kada ɗan dako ya sulale ta gefe da kaya. Shi ya sa kuma ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni. In za ki buɗe murfi, ki fara ɗaga gefen da ke nesa da ke.

Mai kuwa ɗan dako ne da ya fi ruwa zafi, don shi yana kai digiri 170 zuwa 190 ana suya da shi. Kumfar nan da kuke gani ta yanyame ƙosai da an saka shi, ba man ne ke tafasa ba, ruwan jikin ƙullun ne ke ficewa. Bayan ya bushe ya wuce digiri 140, sai ya fara ja yana ƙamshi, abin da dafuwar ruwa ba za ta taɓa bayarwa ba. Gogaggiyar mai ƙosai ba ta da ma'auni, ɗan ƙullu take ɗigawa. Ya nutse ya kwanta, da saura. Ya taso nan da nan yana shuu, a fara. In ta cika kaskon da yawa mai ya huce, ƙosai ya sha mai ya yi lagwaf. Kuma don Allah, in mai ya kama da wuta, kada a watsa ruwa. Ruwan nutsewa yake ƙarƙashin man, ya zama tururi nan take, ya kumbura wajen sau 1,700, ya watso man mai ci da wuta a fuskar mutum. A kashe wutar ƙasa, a kifa murfi.

Saura jifa, kuma wanda zai koya mana shi yana bakin titi da magariba. Je ka tsaya wurin mai tsire na asali, mai tukuba, ba mai waya a kan rabin duro ba. Tudun toka ne, wuta a tsakiya, tsinkaye a kafe sun kewaye ta kamar almajirai sun kewaye malam. Ka duba da kyau. Naman bai taɓa garwashi ba, balle a ce miƙo. Ba a saman wutar yake ba, iska mai zafi da hayaƙi sama suke yi abinsu, balle a ce dako. Amma ga shi yana tsatsafo da mai, ƙuli na ja. Me ke gasa shi? Hucin da garwashi ke jefowa ne kai-tsaye. Wani irin haske ne da idonmu ba ya gani, fata ce ke jin sa. Kuma da yake haske ne, a miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Gefen da ke kallon wuta shi ke gasuwa, na baya yana cikin inuwa, dole mai tsire ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa. Ko jin ɗumi da hunturu haka ne, fuska na ƙuna ƙeya na kaɗawa, wani ya gitta tsakaninka da wutar ka ji ɗumin ya yanke nan take.

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya fito launi-launi kamar bakan gizo, yana auna zafin kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ma fi hawa. Wannan ɓoyayyen hasken shi ne na tukuba. Shi ne kuma wanda na'urar nan da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona take karantawa. Da shi da hasken da muke gani rana ke aiko mana da zafi daga nisan kilomita miliyan 150, ta sararin da babu ko iska, cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Kilishin da ke shanye a kan gadon kara, rana ce ke fara aikinsa da jifa, iska na kwashe damshin, wuta daga ƙarshe take sa hannu.

Jifa na da wata ɗabi'a: ba ya ƙaruwa daidai da daidai. Masana sun auna cewa in zafin abu ya ninka biyu, a ma'aunin da ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi, hucin da yake jefowa sau 16 yake ninkawa. Don haka ɗan fifitar da mai gasa masara ke yi wa gawayi, garwashi ya tashi daga ja ya koma ruwan lemo, ba ƙaramin sauyi ba ne a jikin masara. Nisa kuma shi ne linzami. Wanda ya taɓa yin babbar salla a Yamai ya ga yadda ake buɗe raguna a gicciye a kan sanduna, a jera su a tsaye gefen doguwar wuta, yini guda ana juyawa. Da an manna su da wutar, da baya ya zama gawayi cinya na jini. An ja da su baya ne don a ba miƙo lokaci ya kai saƙo har ƙashi.

Ba kuma cewa ake kowace hanya ita kaɗai take aiki ba. Leƙa tanderun masu gurasa a Jakara cikin birnin Kano. An manna ƙullu a bangon tanderu, bango na miƙa masa zafi ta baya. Garwashin ƙasa da bangon da ke fuskantarsa na jifansa ta gaba. Iska mai zafi na zagayawa tana shafarsa. Cikin 'yan mintuna an ɓamɓaro. Fulas ɗin shayi kuma akasin haka aka yi masa, an bi hanyoyin uku an toshe: bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu don kada a sami mai miƙo ko ɗan dako, an shafe su da ƙyalli kamar madubi don ya mayar da jifa, ga toto a baki. Wani Bature ɗan Sikotlan, James Dewar, ya fito da dabarar a 1892. Akushi da faifan kakanninmu ma ƙoƙarin da suke yi ke nan da abin da ke hannunsu.

To, ina maganar aljihun? Ga ta. Murhun duwatsu uku da yawancinmu muka tashi a kai, masu auna irin wannan sun sha nuna cewa abin da ke shiga tukunya daga zafin icen bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wato a ice goma da ka saya, takwas ko tara tsakar gida suka ɗumama. Ta ina suka bi? Ta hanyoyin nan uku dai. Ƙasa da duwatsu sun sha nasu ta miƙo. Garwashi ya jefar da nasa ta kowace kusurwa, har da ƙaurin mai girki. Mafi yawa kuma iska ta yi dakonsa ta wuce, musamman da hunturu, in ka ga harshen wuta ya kwanta gefe yana lasar banza. Mai gas ma bai tsira ba. Duk harshen da ya leƙo ta gefen tukunya kuɗi ne ke tashi sama, in kuma wutar ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, gas ɗin ba ya ƙonewa duka, a duba kan murhun. Mai murhun lantarki na faranti, shi da miƙo yake aiki, in ya ɗora tukunya mai zagayayyen gindi ko wadda ta lotse, mita na gudu ruwa na kallonsa.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje na da hannu a mutuwar mutum wajen miliyan 3 duk shekara a duniya, kuma mun san su wa ke zaune a bakin murhu, mata ne da goyonsu. Duk icen da aka rage, an rage hayaƙin da ke shiga ƙirjinsu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne gyaran ba ya cin ko sisi, amma sai a mayar da shi maganar taron bita a otal. Laka ce za a kwaɓa a kewaye murhu, a bar ƙofar ice guda, a bar ɗan tsakani yadda wuta za ta bi jikin tukunya ta hau. A tare iska, ko da tsohon kwano ne. A jiƙa wake tun dare. A yanka nama daidai misali. A rufe tukunya, murfin da ya zauna daram, ba faranti mai rawa ba. In ta tafasa a zare ice, a rage gas. Shinkafa ma in ta tafasa sosai ruwanta ya kusa tsotsewa, sauke ta ki naɗe tukunyar da tsohon bargo, ki ba ta rabin awa, ki buɗe ki gani.

Sai roƙo biyu. In sanyi ya zo, kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi, kuma an sha rasa gida guda ta haka. Na biyu, in tsautsayi ya sa yaro ya ƙone, kada a shafa man goge baki, ko manja, ko ɗanyen ƙwai, ko gishiri. Zafin da ya shiga fata bai gama tafiya ba, yana nan yana miƙawa ciki. A sa wurin a ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara masa har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, in ƙunar na da girma ko a fuska take a nufi asibiti.

Uwargida, yau da daddare in tukunyar miya ta tafasa, zare ice ɗaya ki ajiye gefe, ki duba ko za ta ƙi nuna. Maigida kuma gobe in za ka fita, a sayo murfin tukunyar nan da aka daɗe ana faɗa maka.